Gwajin PAT na kayan wasan dabo: yaya kuka yi da naku?

Mai dabo, Manchesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina wasan dabo a bukukuwan yara a nan Ingila. Wata makarantar firamare ta gayyace ni, amma sun ce sai na turo takardar inshora da shaidar gwajin PAT, wato gwajin lafiyar kayan wuta masu filogi, kafin in shigar da kaya zaurensu. Kayan ba yawa: lasifika, fitilu biyu, injin hayaƙi, sai wani akwati mai ƙaramin moto da na haɗa da hannuna. Akwatin ne damuwata, don asirin wasana duk yana ciki. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Mai aikin wuta, Landan:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan gwajin sana'ata ce. Dokar 1989 ta amfani da lantarki a wurin aiki ba ta ce a yi shi duk shekara ba, hukumar HSE mai kula da kare lafiya a wurin aiki ma ta bayyana haka. Abin da ta wajabta shi ne a kula da kaya kada su cutar da kowa. Sai dai zaure nasu ne, suna da ikon gindaya sharaɗi, balle wurin yara.

Kafin in jona na'ura, da ido nake farawa, kuma yawancin matsaloli a nan nake kama su. Na taɓa kwance filogin fitilar wani mai wasa, na tarar wayar at, mai launin kore da rawaya, wadda ke kai wuta ƙasa in ta zube a jikin kaya, ta zame daga mazauninta tana lilo. Fitilar kuwa jikin ƙarfe ce, tana ci lafiya lau, shi ya sa bai taɓa zargin komai ba. Ga fiyus mai amfiya 13 a inda 3 ya kamata. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi da ya ce yara kan taru a gindinta.

Batun akwati, in wutar soket mai bolt 230 na shiga ciki, dole in ga inda waya ta shiga da yadda aka ɗaure ta. Sauran ka rufe da tawul, an taɓa yi mini haka kuma ban ji haushi ba.

Mai sa kiɗa a biki:
Ni da leɓena na ɗanɗana. Ina gwada makirufo hannuna ɗaya na kan amfilifaya, sai wuta ta fizge ni har haƙorana suka haɗu. Ashe wanda na saya a hannunsa ya cire wayar at don ya kashe gurnanin lasifika. A 1972 makirufo ne ya kashe Leslie Harvey, mai kaɗa jita, a kan dandali a Swansea. Tun ranar ba na jona komai sai ta RCD mai miliamfiya 30, na'urar da ke yanke wuta nan take in ta zube, kuma sai na danna maɓallin gwajinsa tukuna.

Mai kula da zauren taro:
Malam, ka yi haƙuri da mu. Na taɓa mayar da wani da wayarsa ta wuta duk da koriyar sitika na manne a jiki, don tsakiyarta an naɗe da salatif, tagulla na leƙowa. Sitikar ta ranar gwaji ce kawai, bayan nan wayar ta sha matsa a but ɗin mota. Kuma in wayarka ta naɗi ce, warware ta gaba ɗaya. Wani ya jona injin hayaƙi a naɗe, warin roba ya cika mana zaure.

Tsohon mai dabo:
Ɗana, na yi irin damuwarka. Sai na mayar da akwatina kan batir mai bolt 12. Yanzu caja kaɗai nake miƙa wa mai gwaji, akwatin ba ya barin hannuna.

Mai dabo, Manchesta:
Allah ya saka da alheri. Baba, zan bi shawararka, moton nawa ma ƙarami ne. Yaya na Landan, ɗazu na kwance filogin injin hayaƙin, maƙalin da ke riƙe waya ya karye, wayoyin ciki duk a waje. Na ajiye shi gefe. Ranar Asabar kana nan in kawo sauran?