Muhawara: wai ƙara ɗaya da ɗaukar logaritim ya wadatar?

Auta: Assalamu alaikum, malamai da yayye. Ina da bayanan gidaje: sau nawa aka kai yaro asibiti a shekara, da kuma kuɗin da aka kashe. Gidaje da yawa sifili ne, wasu 'yan kaɗan kuma sun kashe kuɗi masu nauyi. Wani babba ya ce min: "Duk alƙaluman da suka karkata gefe guda, ƙara musu ɗaya, ka ɗauki logaritim, ka ja layin da aka saba. Sauran duk wahalar da kai ne." Logaritim dai lissafi ne da ke matse manyan lambobi, kuma ana ƙara ɗayan ne saboda sifili ba shi da logaritim. Haka abin yake?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan wannan babban naka. Shekara da shekaru haka muke yi, kuma mai karatu yana ganewa. Abin da mutum zai iya bayyanawa a gaban masu jarraba shi ya fi masa wanda ya danna a kwamfuta bai san cikinsa ba.

Malama: Ranka ya daɗe, a kan kuɗi dai ban yarda ba. Ga misali na lissafi kawai. Gida huɗu: uku sun kashe naira 10,000 kowanne, ɗaya ya kashe 1,000,000. Matsakaicin abin da aka kashe 257,500 ne. In ka ɗauki logaritim, ka fitar da matsakaicinsa, ka mayar da shi naira, za ka samu kusan 31,600. Mai tsara kasafi da ya dogara da wannan na biyun zai ware wa gida huɗu kuɗin da bai kai 130,000 ba, alhali an kashe 1,030,000. Logaritim ya amsa wata tambaya daban, ba wadda Auta ya yi ba.

Dattijo: Malama, ai wannan an daɗe da yi masa magani. Naihua Duan ya fitar da gyaran tun 1983, daga aikin gwajin inshorar lafiya na RAND a Amurka. Ka ɗauki ragowar kuskuren, wato tazarar da ke tsakanin hasashe da ainihin adadi, ka mayar da ita daga logaritim, ka ninka amsarka da matsakaicinta, shi ke nan.

Malama: Gaskiya ne, Baba, amma gyaran yana da sharaɗi: warwatsuwar kuskuren ta zama iri ɗaya ga kowa. In ta mutanen karkara ta bambanta da ta mutanen birni, ninki guda ɗaya zai karkatar da kwatancen da ake nema. Manning da Mullahy sun nuna haka a 2001. Sannan ita kanta ƙara ɗayan ce ta fi damuna. Ɗaya ɗin me? Naira ɗaya, kobo ɗaya, ko dubu ɗaya? Ka rubuta kuɗin da kobo, tazarar da ke tsakanin sifili da sauran ta faɗaɗa, sakamakon ya canja, alhali gidajen ba su canja ba. Chen da Roth sun yi rubutu a kan wannan a 2024. Sakamakon da ya dogara da irin ma'aunin da magatakarda ya zaɓa, yaya za a kare shi?

Likita: Ni a ɓangaren ƙirge nake. Zuwa asibiti lamba ce cikakkiya: 0, 1, 2, 3. Tsarin Poisson, wato tsarin lissafin sau nawa abu ke faruwa, don irinta aka yi shi. Amma gaskiya na daina amfani da shi, domin yana ɗauka warwatsuwa daidai take da matsakaici, kuma ban taɓa ganin haka a bayanan marasa lafiya ba. Yaro mai sikila zai zo sau goma, maƙwabcinsa ko sau ɗaya. Negatif bainomiyal nake ɗauka kai tsaye, tunda yana barin warwatsuwa ta wuce matsakaici.

Akanta: Likita, a nan zan ja da kai. An ɗora wa Poisson laifin da ba nasa ba. Tun 1984 Gourieroux, Monfort da Trognon suka nuna cewa muddin ka tsara matsakaicin daidai, ƙiyasin Poisson yana kaiwa ga gaskiya ko da warwatsuwar ba ta bi dokarsa ba. Abin da ke lalacewa shi ne ma'aunin kuskure, wato abin da ke nuna yadda ƙiyasin zai iya kaucewa gaskiya, yakan yi ƙanƙanta har mutum ya ga tasiri inda babu. Ka sa ma'aunin kuskure mai juriya, wanda manhajojin lissafi na Stata da R duk suna da shi, ka wuce wurin. Ba ma sai lamba cikakkiya ba. Santos Silva da Tenreyro a 2006 da shi suka auna cinikin ƙasashe, wanda kuɗi ne cike da sifili. Don haka Auta zai iya amfani da shi a tambayoyinsa biyu.

Likita: In matsakaici kawai kake nema, na yarda. Ni kuwa ina son sanin yara nawa cikin ɗari za su zo sau biyar ko fiye, domin su ne ke cika gadaje. Ma'auni mai juriya ba zai gyara min wannan ba, Poisson zai ce ba su da yawa.

Akanta: Wannan kam naka ne, ban ja ba.

Auta: To sifilin nan fa? Wani ya ce da zarar sun yi yawa dole sai tsarin da ke ware rarar sifili.

Malama: A'a, ƙanena, yawan sifili shi kaɗai ba hujja ba ne. Ka tuna tsohon misalin Bortkiewicz na 1898, sojojin Furashiya, tsohuwar daula a Jamus, da dawakai suka harba suka mutu. Runduna 10 cikin shekara 20, wato ƙirge 200, mutuwa 122. A 109 daga ciki babu wanda ya mutu. Fiye da rabi sifili, amma Poisson mai matsakaici 0.61 kusan 109 ɗin yake hasashe. In abu ba ya yawan faruwa, sifili dole ya yi yawa. Tsarin ware rarar sifilin da Diane Lambert ta kawo a 1992 don ƙirga lahani a kayan masana'anta yana cewa akwai rukunin da ba zai taɓa ba da komai ba sai sifili. Ka tambayi kanka: akwai gidan da yaronsa ba zai taɓa iya zuwa asibiti ba? In amsar tana da wuya, kada ka tilasta.

A kuɗi kuwa na fi son raba tambayar biyu, yadda masu tattalin arzikin lafiya suke yi. Na farko, wa ya kashe ko sisi? Na biyu, cikin waɗanda suka kashe, nawa? Na biyun sai ka ba shi tsarin gamma mai haɗin logaritim, wanda ke auna matsakaicin nairar kai tsaye. Gamma ba ya karɓar sifili, shi ya sa aka raba. Kuma rabawar tana da ma'ana: nisan hanya na iya hana uwa zuwa, amma tsananin ciwo ne ke ƙayyade kuɗin in an je.

Dattijo: Na saurara, kuma maganar kobo da naira ta kama ni, a kuɗi mai sifili na janye ƙara ɗaya. Amma kada ku binne logaritim da ransa. Su Manning ɗin da kika ambata sun ce in wutsiyar bayanan, wato manyan lambobin da suka yi wa saura nisa, ta yi nauyi ƙwarai, gamma yakan rasa kaifi, logaritim ya fi shi. Haka a ƙirge: O'Hara da Kotze sun ce a daina ɗaukar logaritim a 2010, Anthony Ives ya amsa a 2015 cewa in gwajin ko akwai tasiri kawai ake yi, logaritim ba ya yawan ruɗin mutum. Maganar ba ta mutu ba.

Malama: Ba ta mutu ba, ranka ya daɗe, sai dai Auta ba gwaji kawai yake yi ba, naira zai rubuta.

Akanta: Auta, abu ɗaya kafin ka fara. Duk yaran shekara guda cif aka bi su? Jaririn wata huɗu ba za a kwatanta ƙirgensa da na ɗan shekara uku ba sai an saka tsawon lokacin a cikin tsarin.

Auta: Ba duka ba, Yaya, akwai waɗanda aka haifa a tsakiyar shekarar. Bari in fara fitar da watannin kowane yaro. Daga nan zan gwada Poisson mai juriya da negatif bainomiyal gefe da gefe, in turo muku abin da kowanne ya yi hasashe game da masu zuwa sau biyar.

Likita: Ka haɗo da ainihin adadinsu a bayananka, mu ga wanda ya fi kusa.