Wa ya taɓa kwana a Garanada? Ku ba mu labarin darenta

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maigida muna shirin ɗan hutun ƙarshen mako a Garanada ta ƙasar Sifaniya cikin watan Mayu. Shi fadar Alhamra ce ke jan sa, ni kuwa garin nake son gani da dare, don an ce mutanensa ba sa barci. To amma mu ba ma shan giya. Akwai abin da irin mu za su yi bayan isha'i, ko sai zaman ɗakin otal?

Bakatsinen Malaga: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan "bayan isha'i" taki ta ba ni dariya. A ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, isha'i kuwa sai wajen sha ɗaya. Tun 1940 suka tura agogonsu gaba da awa ɗaya ya yi daidai da na Jamus, ba su mayar ba har yau. Shi ya sa abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare sai tara ko goma. Kika fita ƙarfe bakwai neman abinci, kujeru kawai za ki tarar. Sannan ki sayi tikitin Alhamra ta intanet tun kafin na jirgi, yakan ƙare makonni kafin ranar. Da sunanki ake buga shi, a duba fasfo a ƙofa, kuma sashen fadar sarakunan Banu Nasr da lokacinsa a rubuce. Wanda ya makara ya yi asara. Daga nan Malaga bas ba ta cika awa biyu ba.

Malamin Makaranta: Hajiya, in Alhaji na son tarihi, ga abin da zai haɗa muku buƙatun biyu: ana buɗe fadar da dare, da tikiti na daban. Da rana na fara shiga, cunkoso ya hana ni tsayawa. Da dare kuwa mutane kaɗan ne, fitila na haska rubutun bango daga ƙasa, sai na tsaya ina karanta "wa la galiba illallah" ɗaki bayan ɗaki, taken gidan sarautar da ta miƙa garin a watan Janairun 1492. A farfajiyar zakunan dutse goma sha biyu har ƙarar ruwan ana ji. Wani Bajamushe ya ga bakina na motsi, ya roƙe ni in karanta masa, wai bai san ana iya karantawa ba, ya ɗauka ado ne kawai. Na so in gaya masa Abu Ishaƙ as-Sahili, mawaƙin da ya biyo Mansa Musa daga hajjin 1324 har ya rasu a Tumbutu, ɗan wannan garin ne, amma Turancinmu mu biyun bai kai can ba.

'Yar Damagaram: Malam, ka tafi tarihi ka bar Hajiya da yunwa! Anti, ga zancen ciki. A Garanada in kin sayi abin sha, sai a kawo miki ɗan faranti na abinci kyauta, tapas suke cewa, kuma ko lemo kika saya ana kawowa. Ni mosto nake sha, ruwan inabi ne da bai zama giya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne alade. Ƙafafunsa na rataye a saman kantar shago kamar kilishi a rumfa, kuma suna yanka shi cikin komai, har wake. Ki haddace "sin cerdo, sin jamón", wato ban da naman alade, ki faɗa tun kafin a kawo. Soyayyen gauta da zuma da soyayyen kifi su na fi dogara da su. In kin gaji da tambaya, ki hau layin Calderería Nueva, duk gidajen shayi ne na 'yan Maroko, akwai kuskus da naman halal.

Bakatsinen Malaga: Layin nan na 'yan yawon buɗe ido ne ƙanwata, shayin ya fi ƙarfin kuɗinsa.

'Yar Damagaram: Yaya, kai da kake da kicin a gida! Baƙo fa?

Ɗalibi Mai Neman Digiri: Mama, ni a nan nake karatu. Ku hau unguwar Albaicín kafin magariba. A dandalin San Nicolás kowa ke cincirindo don ganin Alhamra da dusar ƙanƙarar duwatsun Sierra Nevada a bayanta, amma dab da shi akwai babban masallacin da aka buɗe a 2003, lambunsa na kallon wuri ɗaya, ba turereniya. Daga can ku ƙarasa Sacromonte, inda ake rawar filamenko cikin koguna. Ɗakin ƙarami ne, mai rawa na buga ƙafa a gabanki har kujera na girgiza, mawaƙin kuma kamar kuka yake. Akan haɗa tikitin da abin sha ɗaya, ki ce lemo. Gaskiya wasu kogunan kasuwanci ne zalla, bas ke sauke musu baƙi. Titin Pedro Antonio de Alarcón kuwa ku bar mana, na ɗalibai ne, hayaniya har asuba, kada ma ku kama otal kusa da shi.

Hajiya Mai Atamfa: Abu ɗaya zan ƙara. Kusa da babbar majami'a akwai mata masu miƙa ɗan ganye mai ƙamshi, wai kyauta. Na ga wata ta karɓa, nan take aka kama tafin hannunta ana mata duba, daga baya aka ce ta biya. Ki ce "no, gracias", wato a'a na gode, ki wuce. Kuma 'yar uwa, ki bar takalmi mai tsini a gida, Albaicín hawa ce da duwatsu.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, tikitin rana na Asabar ɗin ya ƙare, na dare ya rage, na saya mana biyu. Ɗana ɗalibi, ƙananan jajayen bas na cikin garin suna kaiwa har Sacromonte, ko ƙafa za mu taka?

Ɗalibi Mai Neman Digiri: Suna kaiwa Mama, bas mai lamba C34 daga dandalin Plaza Nueva. Dawowa dai in dare ya yi nisa ku ɗauki tasi.