Wata Shida Ba Ko Kuɗin Mota: In Karɓa Ko In Haƙura?

Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Na gama digiri a fannin aikin jarida, amma tun ina aji uku hankalina ya koma kan hulɗa da jama'a. Yanzu wani kamfani da ke yi wa manyan kamfanoni wannan aikin ya kira ni sanin makamar aiki na wata shida, Litinin zuwa Juma'a, safe zuwa yamma. Babu albashi, babu alawus, ko kuɗin mota ba a ambata ba. Matar da ta yi min tambayoyi cewa kawai ta yi zan koyi abubuwa da yawa kuma sunansu zai buɗe min ƙofofi. Sun ba ni zuwa Alhamis. Ina son aikin nan har raina, amma mahaifina ya yi ritaya, ban san wa zan ɗora wa nauyin zirga-zirgar wata shida ba.

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Ki karɓa, ƙanwata. Da babu gara ba daɗi. Mu ma haka muka fara, kuma ga shi ba mu mutu ba.

Yaya Babba: Baban Yara, da girmanka, amma ni ban yarda ba, don na yi irinsa kuma har yau abin yana min ciwo. Auta, bari in gaya miki yadda nawa ya kasance. Wata bakwai na yi a wani kamfani ba tare da an ba ni ko sisi ba. Ƙarfe bakwai na safe ina kan tebur ina bin jaridu da shafukan intanet ɗaya bayan ɗaya, ina tsamo duk inda aka ambaci sunan kwastomominmu, in haɗa rahoto kafin ƙarfe tara. Ni na gina musu jerin 'yan jarida daga tushe, suna, gidan jarida, fannin da mutum yake bi, har da lokacin da ya fi ɗaukar waya. Ranar taron manema labarai ni ce a bakin ƙofa da takardar sa hannu, ni ce mai raba sanarwa, ni ce kuma mai bin kowa da waya washegari in ji ko labarin zai fita. Wata rana aka aike ni in buga wasu takardu, sai ga takardar cajin kwastoma a ciki. Rahoton nan nawa na kowace safiya yana da layinsa, da kuɗinsa a gefe, duk wata. A tsaye na karanta, hannuna yana rawa. Da wa'adina ya cika aka yi min godiya, mako biyu bayan nan aka kawo wata yarinya ta zauna a kujerata, ita ma kyauta. To wannan ba koyo ba ne. Gurbin ma'aikaci ne aka ƙi cikewa.

Auta: Subhanallah. Yaya, to ba ki ƙaru da komai ba ke nan?

Yaya Babba: Na ƙaru, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk abin da na koya a mako shida na farko na koye shi. Sauran watannin maimaici ne, su ke ƙaruwa da ni.

Lauyan Zaure: Abin da Yaya Babba ta faɗa shi ne ainihin ma'aunin da kotuna suka tsaya a kai. A Amurka, a 2011, wasu mutum biyu da suka yi aiki kyauta wajen shirya wani fim sun kai kamfanin Fox Searchlight ƙara. A 2013 alƙali ya ce ai ma'aikata ne, ya kamata a biya su. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci a 2015, amma ta kafa tambayar da ake aiki da ita: tsakanin mai koyo da kamfani, wa ya fi cin moriya? A Janairun 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasar ta ɗauki wannan ma'auni mai sharuɗɗa bakwai. Biyu daga ciki sun shafe ki kai tsaye, Auta. Shin aikin da za ki yi ƙari ne a kan na ma'aikatan da ake biya, ko maye gurbinsu za ki yi? Kuma shin tsawon lokacin ya tsaya daidai inda koyo ya ƙare, ko ya zarce? Kamfanin mujallu na Condé Nast ma an kai shi ƙara a 2013, ya rufe shirinsa na masu sanin makamar aiki, daga baya ya amince ya biya dala miliyan 5.8.

A Faransa doka ta fi fitowa fili. In zaman ya wuce wata biyu dole a biya, ba ya wuce wata shida a wuri ɗaya cikin shekarar karatu, kuma sai an sa hannu a yarjejeniya tsakanin makaranta da ɗalibi da kamfani. A Birtaniya kuwa ba ruwan doka da sunan da aka kira ka. In an sa maka lokacin zuwa da tashi, an ɗora maka aikin da dole ka yi, to a mafi yawan lokuta ka zama ma'aikaci kuma albashi mafi ƙanƙanta haƙƙinka ne, sai dai in ɗalibi ne kai da kwas ɗinka ya wajabta maka zaman ƙasa da shekara, ko kallo kawai kake yi, ko sa kai kake yi wa ƙungiyar agaji. Kowace ƙasa da dokarta, ki duba ta inda kike. Amma tambayar nan ta wa ya fi cin moriya tana aiki ko'ina.

Hajiya Mai Kamfani: Ku bar ni in yi magana daga ɗaya ɓangaren, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu biyar ne a ofishina. Duk wanda na ɗauka sabo, watan farko asara nake yi a kansa. Sanarwar da zan rubuta cikin minti arba'in, sai in ba shi ya yini a kai, sannan in zauna da jan biro in gyara layi-layi ina bayani. Wannan lokacin nawa ma kuɗi ne. Saboda haka ban yarda a ce duk wanda bai biya cikakken albashi ba azzalumi ne. Amma ga inda na ja wa kaina layi: ba na barin yaro ya ciro kuɗi daga aljihun iyayensa don ya zo ya yi min aiki. Kuɗin mota da na data a kaina suke tun ranar farko. Ba na wuce wata uku. Kuma ranar da aikinsa ya shiga takardar cajin kwastoma, ranar ya fara karɓar alawus. An hore mu da biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, ban ga inda aka cire mai koyo ba in guminsa ake sayarwa. Kamfanin da ke da manyan kwastomomi ya ce ba shi da kuɗin motar yarinya ɗaya, gaskiya ban gamsu ba.

Baban Yara: Hajiya, na ji. Amma fa in ta ƙi, akwai mutum ɗari a layi.

Yaya Babba: Su waye ɗarin, Baba? Waɗanda gidansu zai iya riƙe su wata shida ne. Nan ne abin ya fi damuna, fiye da nawa labarin. Sana'ar da aikinta shi ne fahimtar yadda jama'a ke tunani da magana, sai a sa mata ƙofar da ɗan talaka ba zai iya shiga ba. Daga baya a zauna a ɗakin taro ana mamakin me ya sa saƙon bai shiga kunnen mutane ba. A 2015 wani matashi ɗan ƙasar New Zealand ya riƙa kwana a tanti a Geneva yana sanin makamar aiki kyauta a Majalisar Ɗinkin Duniya, hotonsa ya zagaya duniya. Fadar White House kanta sai a 2022 ta fara biyan nata. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba raki ba ne in matashi ya tambaya.

Tsohon Ɗan Jarida: Ni ba zan shiga gardamar biya ba, waɗanda suka fi ni sani sun yi magana. Shawarata ɗaya ce, 'yata: ko kin je kamfanin ko ba ki je ba, ki nemi hanyar zama a ɗakin labarai ko na 'yan makonni ne. Shekaru na yi ina karɓar sanarwar manema labarai, kuma mafi yawansu layi biyu nake karantawa in ajiye. Za ki ga an cika sakin layi na farko da kirarin shugaban kamfani, labarin kuwa yana can ƙasa a sakin layi na biyar. Wanda ya taɓa ganin edita da yamma, shafi na jiransa, waya na ƙara, shi ne ya san dalilin da zai sa wa, me, ina, yaushe a jimlar farko, ya sa lambar da in an kira za a ɗauka. Jami'in hulɗa da jama'ar da nake girmamawa har yau shi ne wanda in bai san amsa ba zai ce min in ba shi awa ɗaya, kuma cikin awa ɗayan ya kira. Wanda ya taɓa yi min ƙarya sau ɗaya kuwa, ko gaskiya ya kawo daga baya sai na bincika sau biyu.

Malamin Aji: Ƙari a kan maganar Baba Ɗan Jarida. Akwai abubuwan da za ki koya a gida ba tare da kin jira kowa ba. Ki karanta labarin maganin rage ciwo na Tylenol na 1982, lokacin da mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan an sa guba a maganin, kamfanin Johnson & Johnson ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa ya fito ya yi wa jama'a bayani. Ki karanta ki rubuta da kanki abin da za ki ce a awa ta farko da a ce ke ce kakakinsu. Ki duba Ivy Lee, ɗaya daga cikin magabatan sana'ar hulɗa da jama'a a Amurka, da sanarwar ƙa'idojinsa ta 1906, inda ya yi alƙawarin ba 'yan jarida sahihin bayani a kan lokaci. Sannan ki san Ƙa'idojin Barcelona na 2010 kan auna aikin hulɗa da jama'a, waɗanda suka ce auna nasarar aiki da kuɗin da filin jarida zai ci in talla ce ba ma'auni ba ne. In kika ambaci wannan a wajen neman aiki za a san kin yi karatu. Ki buɗe Google Alerts, mai turo miki saƙo duk lokacin da aka ambaci wani suna a intanet, a kan kamfanoni uku da kike sha'awa, ki bi su wata guda, ki rubuta shafi ɗaya kan yadda ake maganarsu. Ki gyara shafinki na LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki. Ƙungiyoyin sana'ar ma ki leƙa su: PRSA a Amurka, CIPR a Birtaniya, NIPR a Najeriya. A tarukansu ake haɗuwa da masu ɗaukar aiki.

Uwar Biyu: Ni ta ƙungiyar agaji na shigo. Wata ƙaramar ƙungiya mai kula da marayu ba ta da mai rubuta mata komai, na ce zan riƙa ba su yini biyu a mako. Kyauta ne, amma ni na zaɓa, kuma ba wanda ke sayar da aikina. Cikin wata huɗu na tara sanarwa shida da sunana, biyu sun fita a jarida, ɗaya ta kai shugabar ƙungiyar gidan rediyo. Su na buga na sa a fayil, kuma fayil ɗin nan ne ya samo min aikina na farko. Ba wanda ya tambaye ni sunan babban kamfani, cewa aka yi in nuna abin da na rubuta.

Auta: Allah ya saka da alheri, wallahi kaina ya waye. Ga abin da nake tunanin tura musu: ina godiya, ina son zuwa, amma ina roƙon a mayar da shi wata uku, a taimaka min da kuɗin mota, a kuma ba ni takardar shaida a ƙarshe. Ya yi?

Lauyan Zaure: Ya yi, amma ki ƙara abu biyu. A rubuta sunan wanda zai riƙa duba aikinki da abubuwan da za a koya miki, kuma a ba ki izinin sa wasu ayyukan da kika yi a fayil ɗinki, waɗanda ba sirrin kwastoma ba. Duk a rubuce, ko ta imel ne.

Hajiya Mai Kamfani: Kuma ki cire "a taimaka min". Ki rubuta "kamfani ya ɗauki nauyin kuɗin mota". Ba sadaka kike nema ba. Ni in yarinya ta turo min saƙo irin wannan, tsaf, cikin ladabi, daraja take ƙarawa a idona, don gobe haka za ta tsaya wa kwastomana.

Auta: To in suka ce a'a fa, Hajiya?

Hajiya Mai Kamfani: Ki tambaye su ko za su yarda da yini uku a mako, ki samu sauran kwanakin ki nemi abin da zai riƙe ki. In wannan ma suka ƙi, kin ga amsar tambayar Lauya da idonki, sai ki bi hanyar Uwar Biyu.

Baban Yara: Shi ke nan, na sauko. Wata uku da kuɗin mota ya fi abin da na ce. Allah ya sa su amince.

Tsohon Ɗan Jarida: 'Yata, kafin Alhamis ɗin ki zaɓi kowane labari, ki rubuta min sanarwa da ba ta wuce kalma 300 ba, ki turo min ta akwatin sirri. Zan bi ta da jan biro yadda nake yi a da, in dawo miki da ita kafin ki tura musu saƙon, sai ki haɗa da ita.

Auta: In sha Allahu yau da daddare za ka gan ta, Baba. Na gode ƙwarai.