Yarana a kasuwar Mile 12 ta Legas ba sa motsi sai na ce

MaiTumatir: Salamu alaikum. Yara 9 gare ni a rumfa. Na je ta'aziyya Agege, kafin in dawo kwando 6 sun ruɓe, wai ba mai ikon rage kuɗi in ba na nan. Ina mafita?

Bakatsine: Alhaji, inuwarka ce ta yi yawa. Dubi gawo, da damina yake kaɗe ganye, gero ya samu rana da taki a gindinsa. Ka yanka wa babban yaronka iyakar ragi, ka bar shi.

Hajiyar Obalende: Kuma 'yan garinku zalla ka tara, na sani. Gero da wake ake haɗawa, waken ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Nemo mai jin Yarbanci, masu sari su saki jiki.

MaiTumatir: Hajiya kin taɓo ni. Ragin zan fara gwadawa ranar Asabar.