Idan Boris Ya Ci a Tsohon BSA A65

Shawarwarin masu gyaran tsofaffin baburan Ingila sun fi karkata kan abu guda: kafin a sa sabon boris (ƙarfen da ke rage gugar sassan inji masu juyawa), a gano abin da ya hana baƙin mai isa ga tsohon. In ba haka ba, sabon ma haka zai ƙone.

A babur ɗin BSA A65, wanda aka fara ƙerawa a 1962, man yana shiga karanshaf (sandar da ke juyawa a ƙasan inji) ne ta bushin da ke ɓangaren dama, wato zoben ƙarfen da karanshaf ke juyawa a ciki. Da bushin ya sassauta, man sai ya riƙa tsiyayewa nan, ƙarfinsa ya ragu, kwanrod (ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf) na hagu da ke can ƙarshen hanya shi ne yakan fara ƙwanƙwasa. Wannan bayani ne ya fi gamsar da ni.

An kuma ja kunne sosai kan ramin tara dauɗa da ke cikin karanshaf. A buɗe shi, a kankare baƙar laka da ta daskare ciki, a wanke hanyoyin man, a hura musu iska.

Wasu sun ce ganin mai yana komawa tanki ya wadatar. Akasari ba su yarda ba, domin komawar ba ta nuna ƙarfin da man ke isa boris da shi. A ɗaura gejin auna ƙarfin mai a auna bayan inji ya yi zafi. A duba famfo da bawul ɗin rage matsi, sannan a tace tsohon man a ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe.