Notocin injin niƙa na suna ta kwancewa, wane gam zan sa?

Mai Niƙa Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu aikin inji ku taimaka min. Ina da injin niƙan masara a nan Aboabo, tun asuba mata ke kawo masarar kenke da banku, amma kusan kullum sai na tsaya ɗaure notocin da ke riƙe ƙafar moto saboda girgiza, jiya ma belt ya fita ana tsakiyar niƙa, wata Hajiya ta ɗauki bokitinta ta tafi wani waje, wallahi abin ya min ciwo. Na sa sipirin washa bai hana ba, yarona ya zuba supa gulu shi ma ya farfashe. An ce in sayi Loctite, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, na je Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, na ga lambobi kala-kala na rasa na ɗauka. Kuma bututun ruwa na shago yana ɗiga a wajen haɗi, shi ma wannan gam ɗin zai yi?

Fita Magazine:
Wa alaikumus salam maigida. Ka nemi 243, ruwansa shuɗi ne. Kar ka duba kalar kwalba don duk ja ne, lamba zaka duba. Kuma in ka ga kwalbar bata cika ba kar kace an cuce ka, haka ake yin shi, iskar ciki ce ke hana shi daskarewa, shi wannan abu sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda babu iska sannan yake kamawa. Inda mutane ke ɓata aiki shine wanki. Ka cire bolti gaba ɗaya, ka goge haƙoransa da burushin waya, ka wanke giris da baƙin mai da garin da ya manne, ka bari ya bushe ƙarau, sai ka ɗiga ɗigo biyu uku daidai inda noti zai zauna ka ɗaure. Yana fara kamawa cikin mintoci amma sai awa 24 yake kai ƙarfinsa, so in da hali kayi ranar da baka niƙa.

Baba Tsoho Asawase:
Ɗana, abin da Masta Fita Magazine ya faɗa maka gaskiya ne. Ni abu ɗaya zan ƙara, ka kiyayi mai jan ruwa, wato 271. Na taɓa sa shi a boltin fuli don ina ganin mai ƙarfi yafi, ranar da zan canza bearing na ja sifana har da ƙarin bututu, kan boltin ya tsinke ya bar sauran a ciki, kwana biyu muna haƙa da dirili. Jan baya kwancewa sai an gasa wajen da wuta ya kai kamar digiri 250 na Celsius. Shuɗin kuwa sifana kaɗai ta ishe shi. Sannan kar ka sa a boltin farantin niƙa, tunda kana cire su kai wa wasawa, kuma nan abincin mutane ke bi. Amma ka kama fulin ka jijjiga shi da hannu tukuna, in yana wasa ko belt baya kan layi to girgizar daga nan take, gam ba zai warkar da ita ba.

Ɗan Nima:
Yallaɓai maganar bututu daban ce. Na ɗaure noti daban, na toshe ɗiga daban, na bututun ƙarfe shine 577. Amma in naka na roba ne kar ka kusance shi da ko ɗaya, yana iya tsaga roba, farin tef ɗin Teflon zaka naɗa ta yadda haƙorin ke juyawa. Kuma ka duba ranar lalacewa a jikin kwalba, ni an taɓa sayar min da wanda ya kwana a rana, kamar ruwa, ko kamawa bai yi ba.

Mai Niƙa Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Baba ka yi gaskiya, na jijjiga fulin yana wasa sosai, bearing ɗin ya ci. Bututun kuma na roba ne, na naɗa tef ya daina ɗiga. Ranar Juma'a bayan masallaci zan rufe shago in canza bearing in sa 243 ɗin ya kwana. Masta, fetur zai yi wajen wanke boltin ko sai na sayi tina?