Dala 500 ce a hannuna: sanda zan saya wa 'yata ko kuɗin mai koyar da jifa zan biya?

Maman Hanan (Ohayo):
Assalamu alaikum iyaye. Ina neman shawarar waɗanda 'ya'yansu suka riga tawa shiga wasan sofbol a nan Amurka, wato wasan da ake jefo ƙwallo a buge shi da sanda, ɗan'uwan besbol. Hanan ta cika shekara 11, kakar da za a shiga za ta bar rukunin 'yan 10 zuwa ƙasa ta koma na 'yan 12. Ita ce mai jifa a ƙungiyarsu, wato mai jefa wa mai bugu ƙwallo. Ƙwallon zai tashi daga mai inci 11 zuwa mai inci 12, tazarar jifa kuma daga ƙafa 35 zuwa 40. Mun gwada sabon ƙwallon a bayan gida, yatsunta ba su gama kama shi ba, jifan ma yakan dira ƙasa kafin ya iso ni.

Kocinsu ya ce a saya mata sandar bugun ƙwallo ta zaren kabon, inci 31, nauyi oza 21. Na duba, kuɗinta ya haura dala 400. Wadda take bugu da ita yanzu ta alminiyam ce, inci 29, oza 17, ita kuma siririya ce, ba ta da jiki. Dala 500 na ware, babu ƙari. Ko dai sandar, ko in biya wata mai koyar da jifa da ke karɓar dala 45 a rabin awa ta riƙe ta cikin hunturun nan. Ku tuna a nan tun watan Maris ake fita fili, da sauran sanyi. Da wanne zan fara?

Abu Safiyya (Atlanta):
Wa alaikumus salam Hajiya. Sandar Easton Ghost kawai ki saya ki huta. Tun da tawa ta riƙe ta ƙarar bugunta ma ta canza. Dala 500 na biya ban yi da-na-sani ba.

Hajiya Ta Niyok:
Dala 500? Malam an yi maka tsada. Ni samfurin bara na saya wa jikata, sabuwa a leda, dala 280. Duk shekara idan sabuwa ta fito sai su karya kuɗin tsohuwar, sau da yawa fenti ne kawai ya bambanta su. A jira ƙarshen shekara.

Maman Biyu:
Ni 130 na sayi tamu a Facebook wajen wata Baturiya da 'yarta ta daina wasa. Har da jaka ta haɗa mini.

Abu Safiyya:
Araha ba ta ado, 'yar'uwa. Ta hannu ba ta da garanti. Sabuwa idan ta tsage cikin shekara za ki kai rasit a canza miki. Kuma ki duba tambarin amincewar hukumomin wasan da ke jikinta, akwai na USA Softball, akwai na USSSA. Idan babu wanda gasar ke nema, alƙalin wasa zai fitar da ita tun kafin a fara, kina tsaye kina kallo.

Ɗan Kurmi (Kano):
Jama'a ku yi haƙuri da katsalandan. Sanda ɗaya dala 500? Ku turo mini awon, akwai masassaƙi a nan, taɓarya goma zan sa a fere muku har da kuɗin jirgi ba za ta kai haka ba.

Maman Biyu:
Ɗan Kurmi ka cika abin dariya. To ka sa ya buga mata tambarin ma.

Baban Ummi (Hustan):
Maman Hanan, tun da na ga kin ce 'yarki mai jifa ce na kasa wucewa. Ki bar zancen sanda tukuna ki ji abin da ya same mu.

Ummi ta fara jifa tana ƙarama, kuma Allah ya ba ta hannu. Da ta kai rukunin 'yan 14, inda tazarar ta koma ƙafa 43, sai wata ƙungiyar tafiye-tafiye, wato mai zuwa gasa gari-gari, ta ɗauke ta. Muka biya dala 2,400 na kakar wasa, ban da otal da man mota. Masu jifa biyu ne a takarda, amma ɗayar 'yar mataimakin koci ce kuma ba ta iya ba, don haka duk wasan da ake son ci Ummi ake sawa. Ranar Asabar ta yi jifa wasa uku, Lahadi a koma na sili-ɗaya-ƙwale, in an ci a ci gaba, ita ce dai, cikin zafin Teksas. Na tambayi kocin ko ba a ƙidaya mata jifa kamar yadda ake yi wa yara maza a besbol. Ya ce wai jifan sofbol ta ƙasa ake wurgawa, hannu na juyawa yadda Allah ya halicce shi, ba ya cutarwa. Na yarda, don kowa a filin haka yake faɗa.

Abin da na fara lura da shi, idan za ta ɗaura ɗankwali sai ta sunkuyar da kai ƙasa don kada ta ɗaga hannun dama. Daga baya cokali ma da hagu take ɗauka. Ba ta faɗa mana ba, tana tsoron a ba wata gurbinta. Da muka je asibiti likita ya danna gaban kafaɗarta sai ta fashe da kuka. Ya ce jijiyar damtse ce da ta shiga kafaɗa ta kumbura, kuma ya sha ganin haka wajen masu irin wannan jifan, don ita ke taka wa hannu birki duk lokacin da aka saki ƙwallo. Aka hana ta jifa, muka shiga zaryar gashin ƙashi wata da watanni, kowane zuwa da nasa kuɗin. Ƙungiyar kuwa kafin mako ya zagayo sun samo wata. Ko sisi ba su mayar mana ba, kocin ko waya bai buga ya ce ya jiki ba. Yanzu kafaɗar ta warke, amma safar hannunta na nan a gareji, ba ta ko kallonta. Yarinyar da ke kwana da ƙwallo a gefen filo.

Hajiya Ta Niyok:
Innalillahi. Allah ya ƙara mata lafiya, Baban Ummi. Wallahi har idona ya kawo ruwa.

Anti Nas (Merilan):
Sannu Baban Ummi. Abin da likitan ya gaya maka haka yake. A yawancin gasannin tafiye-tafiye babu dokar ƙidayar jifa, don haka uwa ko uba ne za su riƙe takarda da biro. Ciwo a gaban kafaɗa, ko jifa ya fara tashi sama ba da niyya ba, a cire ta nan take. A ba ta hutun jifa na 'yan watanni a shekara. Sannan 'yan mata sun fi maza tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, a koya musu yadda ake dira da gwiwa a lanƙwashe, ba tana faɗawa ciki ba. Kuma don Allah mai jifa ta sa garkuwar fuska. Na taɓa karɓar yarinyar da ƙwallo ya dawo mata a baki, sofbol na nufin ƙwallo mai laushi, amma sunan ne kawai.

Koci Na Zango (Buronks):
Duk rashin gudu ne ke jawo wannan. Na horar da yara ƙwallon ƙafa a Kumasi shekaru da yawa, ba wanda ya taɓa zuwa gashin ƙashi. A sa yarinya ta zagaye fili sau goma kowace safiya, jiki zai yi ƙwari. Yaran Amurka lalaci ya yi musu yawa.

Zee:
Kawu, da girmamawa, wannan ba ƙwallon ƙafa ba ne. Na yi jifa a sakandare har na gama. Tsakanin tasha da tasha, wato wuraren da mai bugu ke rugawa ya taka, ƙafa 60 ne, gudun daƙiƙa uku, don haka gajeren gudu mai ƙarfi ake buƙata, ba zagayen fili ba. Ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu isarwa kawai yake. Tsugunno, tsalle da ƙafa ɗaya, jan roba don bayan kafaɗa kafin a taɓa ƙwallo.

Anti Maman Hanan, ni dai ga amsata: ki biya mai koyarwar. Daga oza 17 zuwa 21 tsalle ne babba ga siririyar yarinya, kan sandar zai riƙa faɗuwa tana makara. Ki nemi ta hannu inci 30 oza 19, ta riƙe ta da hannu ɗaya a miƙe, in hannun ya fara rawa kafin rabin minti ta yi mata nauyi. Ta kabon kuma ba ta son sanyi, masu yin ta da kansu suna gargaɗi a kan bugu da ita in yanayi ya yi ƙasa da digiri 60 na ma'aunin Fahrenheit da ake amfani da shi a nan, ga shi sai an yi ta bugu da ita kafin ta saki jiki ta fara bugu da kyau. Maris a Ohayo tsohuwar alminiyam ɗinta ce daidai.

Koci Na Zango:
Yarinya, shekarunki nawa? Wanda ya yi wasa daban, wanda ya horar daban.

Zee:
Kawu, ka taɓa tsayawa a da'irar jifa?

Abu Safiyya:
Ni dai maganar kocin yarinya nake bi, shi yake ganin ta kullum. Mu nan ba wanda ya taɓa ganin bugunta.

Baban Ummi:
Ni ma maganar koci na bi, Malam.

Ɗan Kurmi:
Na ji an ce wata mai jifa a jami'ar Texas Tech an ba ta sama da dala miliyan ɗaya a shekara. Maman Hanan ki riƙe lambata, ni ne kawunta na Kano.

Hajiya Ta Niyok:
Gaskiya ne wannan, NiJaree Canady sunanta. Kuma wasan zai dawo Olamfik a 2028, a Oklahoma za a buga. Amma irin wannan labarin ne ke sa masu shirya gasa suna tatsar mu. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuɗin ƙofa ne. Na biya kuɗin ƙungiya, na yi tuƙi zuwa wata jiha, sannan in biya dala 15 don in kalli jikata? Kowace rana!

Maman Biyu:
Mu 10 ake karɓa, amma sun hana shiga da kula. Na dafa shinkafa da miya tun asuba aka ce in mayar mota, abin da ake sayarwa a ciki kuma ba wanda zan iya ba yara in san na halal ne. Ga dokar dole sai otal ɗin da suka zaɓa za ka sauka, ko da kana da ɗan'uwa a garin.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai jama'a. Baban Ummi, Allah ya saka mata da alheri, labarinka ya tsaya mini a rai. Zee, in na biya mai koyarwar, sau ɗaya a mako ya isa ko sai biyu? Kuma me za ta riƙa yi a gida tsakani?

Malam Na Islamiyya:
Tun da an zo kan gasa, ku bar ni in faɗi nawa. Duk Asabar da Lahadi ne, daidai lokacin karatu. Daga bazara ta shigo sai a nemi 'yan mata a aji a rasa, wadda ta kusa kammala izu biyar ta dawo da kaka ta manta rabi. Na roƙi iyaye a mayar da nasu karatun daren Juma'a, aka ce ranar ake kama hanya.

Anti Nas:
Malam, ai ba karatun kaɗai ba. Ramadan yana ta matsowa baya zuwa hunturu, wannan ya zo da sauƙi, amma shekarun da ya faɗo tsakiyar kakar wasa mun ga abu. Sai kuma hijabi. A Ohayo sai da aka soke sakamakon wata 'yar tsere a 2019 saboda hijabinta kafin jihar ta yi doka a 2022, amma a gasannin tafiye-tafiye kowane alƙali da nasa fahimtar. Wani ya taɓa cewa 'yar ƙanwata ta cire nata don hular kwano ta zauna.

Maman Biyu:
Mu ma an yi mana. Akwai na wasanni mai kama kai, ba fil ba komai, hular na hawa lafiya lau. Dala 35 na saya.

Hajiya Ta Niyok:
35? Ina kika saya? A nan Buronks 12 ne, kuma in kin ɗauki uku za a rage miki.